Huji Ɗaya a Ƙofar Shamshad

A Aligarh, garin maƙeran makulli, in yaro bai iya goga ƙarfe ba, sai a ce ba ɗan gari ba ne. Ustad Shamshad kuwa, gwanin maƙeri, a haɗa makulli ya tsufa, irin wanda ake binnewa cikin katakon ƙyaure. Mariƙi ya ja harshen makullin, mabuɗi ya ɗaga siraran ƙarafan ciki kowanne daidai tsayinsa, sannan sakata ta fito. Da kunne yake gane mai lafiya.

Sai tsufa ya fara sace masa hankali. In matarsa Zaibun ta je kasuwa, sai ya zare sakata ya kama hanyar masana'antar da ya yi aiki a da, wadda aka rufe tuntuni. Ran nan mai keke ya tsinto shi a bakin layin dogo. Zaibun ta tsorata ƙwarai.

Maƙwabta suka ce ta rataya kwaɗo ta waje. Tab! Ta kulle mijinta kamar akuya, kowa ya wuce ya gani? Ta ƙi.

Wata safiya ya tashi garau, har da tsokana wai shayinta ruwan wanki ne. Ta ajiye masa makullin da ya haɗa da hannunsa.

"Baban Wasim, ƙofar nan tana son makulli."

"Me za a sata, tsohuwa? Ke?"

"Kai dai sa mini."

Ya dube ta. Sannan ya ce ta miƙo guduma.

Ya auna kaurin ƙyauren da yatsa, ya shiga sassaƙa rami a gefensa, kaɗan-kaɗan, don katakon ba ya son gaggawa. Hannun nan da ke zubar da shayi ko rawa bai yi ba. Makulli ya shige ramin cif. Ya huda wajen mabuɗi ta waje, ya ɗaura mariƙi, ya murza. Ƙaras! Ya hau tattara kayansa.

Zaibun ta shafa ƙyauren ta ciki, sumul.

"Ka manta hujin ciki."

"Ban manta ba, Maman Wasim." Ya damƙa mata mabuɗin. "In akwai huji ta nan, da tsinken gashinki ma sai in buɗe. Kaina ne ya lalace, hannun bai sani ba."

Tausayinsa ya kama ta. Ta ɗauki jakar cefane ta fita, ta tsaya da mabuɗin a bakin hujin.

"Murza mana," ya ce daga ciki. "Sau biyu, in ji."