Layin da na canza wa Kawu Ndagi

Shekara biyar ke nan da rasuwar Kawu Ndagi, amma abin da zan faɗa ya fara ne da ƙarfe huɗu da kwata na wata Talata, wata takwas kafin ya rasu. Ina zaune a ɗakin karatu na makarantarmu, da takardarsa a gabana da wani littafin damben zamani a gefe.

Kawu ya daɗe yana horar da 'yan dambe a wani fili da ke bayan tashar mota a Minna. Da ɓarin jikinsa ya shanye, hannun dama ya daina ɗaguwa, harshensa ya yi nauyi. Ni kaɗai nake gane maganarsa sosai, sai na zama mai rubuta wa ɗalibansa darasi. Ranar ya yi mini bayanin dogon huk, naushin da ake kewayowa da shi ta gefe tun abokin karawa yana nesa. Ya ce a tako da ƙafar gaba, a saki kafaɗa, ƙugu ya ja hannu, sannan a kife dunƙulen, babban yatsa ya kalli ƙasa, domin gaɓoɓin yatsu su sauka, ba cikin safar hannu ba.

Littafin kuwa ya nuna babban yatsa a sama. Ban lura cewa naushin kusa yake nufi ba. Na ce a raina Kawu daga damben gargajiya ya fito, bai yi boko ba. Na goge layinsa, na sa na littafi, har na ja masa layi da rula.

Bulus, ɗalibinsa da aka fi sa wa rai, ya yi sati uku yana bin takardar. A wasan tantance 'yan wasan jiha ya kai naushin daga nesa, yatsan ya daki goshin abokin karawarsa ya karye. Da aka duba takardar, sai aka fara cewa ciwo ya taɓa kan Koci, kamar yadda suke kiran Kawu. Ɗalibai suka janye ɗaya bayan ɗaya. Ina jin ana faɗa a ƙofar gidanmu, ina wanke masa kofi, ban faɗa wa kowa ni na canza layin ba. Kawu bai iya karatu ba, bai taɓa sanin abin da ke cikin takardar ba.

Yau ina ajin ƙarshe a jami'a. Na ga matasa suna koyon wannan naushin a waya, ana kife dunƙule daidai yadda ya faɗa. Da yana nan, ina jin dariya zai yi, ya ce su ajiye wayar su ɗaga hannu. Iliminsa bai mutu ba, sunansa ne na bari a ƙasa.

Watan jiya na je Maikunkele, inda Bulus ke gyaran babura. Na gaya masa komai, ina kallon takalmina, na roƙe shi gafara. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Ƙanwata, yatsana ya warke tuntuni," in ji shi. "Amma a bainar jama'a aka ce kan Koci ya taɓu. Ba a shagona za ki wanke shi ba. Je ki faɗa inda kowa zai ji."