Ragon da na ɗaure a tsibirin Skye

Ina cikin ɗaure ragon da mayafina sai na ji ihu. Matar gidan ce, Baturiya, tsohuwa sa'ata, ta fito a guje ba ko takalmi, autata na biye da ita.

"Inna! Me kika yi haka?"

"Me na yi? Dabbobin mutane na killace."

Shekarun baya ne wannan, da auta ta ɗauke ni daga Woolwich, inda muke zaune, ta kai ni Scotland, wani tsibiri wai shi Skye, wai in ga duniya. Na gani kam. Duwatsu har cikin gajimare, ruwa na zubowa daga kansu fari fat, ciyawa shar iya ganinka. Masaukinmu gidan matar nan ne, B&B suke ce masa. Ɗaki tsaf, taga na kallon teku, da safe ta soya miki ƙwai da kifi. Tun da sanyi auta ta yi booking ta kama mana ɗakin, don in rani ya yi ko akurkin kaji ba ki samu a tsibirin.

To da hantsi na fita miƙe ƙafa, sai ga tumaki kwance a tsakiyar kwalta. Ba makiyayi, ba igiya, motoci na ta kewaye su. Ni da na tashi cikin kiwo! A garinmu in kin ga dabbar wani ta ɓata, killace ta za ki yi har mai ita ya zo. Na karyo tsumagiya na koro su, na buɗe ƙofar lambun matar, na zuba su ciki na rufe. An ce akwai rubutu a jikin ƙofar, wai a riƙa rufewa saboda tumaki. Lokacin ban shiga ajin manya ba, ko sunana ban iya rubutawa ba.

Kafin in kama ragon sun gama da furanninta tas.

Matar ta yi ta magana, fuska ta yi ja wur. Auta ta juyo ido duk hawaye.

"Ta ce mu kwashe kayanmu. Inna, babu ɗaki ko'ina, a mota za mu kwana, ga ciwon ƙafarki. Nan haka suke kiwo, sakinsu ake yi, ba ɓata suka yi ba!"

"Faɗa mata Allah ya ba ta haƙuri. Amma ragon nan ba na sakinsa sai mai shi ya zo. In dabba ta yi ɓarna, mai dabba ake nema."

"Ke fa kika shigo da su!"

"Ni na ci furen? Faɗa mata dai."

Auta ta faɗa, kanta a ƙasa. Matar ta juyo. Ta kalle ni, ta kalli ragon, ta shiga ciki ta ɗauko waya. Ashe tumakin na maƙwabcinta ne. Sun daɗe suna shigo mata ta baya, inda shingensa ya karye, in ta kira shi sai ya ce ba nasa ba ne. Yau ga rago a ɗaure, ga shuɗin fentin da yake wa tumakinsa shaida a gadon baya.

Ya zo a kan wani babur mai ƙafa huɗu, tsoho ne shi ma. Ya miƙo hannu zai kwance, na riƙe mayafina gam. Ya yi Turanci, na yi Hausa. Matar ta zo ta tsaya kusa da ni ta naɗe hannu.

"Me yake cewa, Auta?"

"Wai zai gyara shingen sati mai zuwa."

"Ragon ma sati mai zuwa."

Wannan da sauri ta fassara, 'yar nema. Ya koma ya kwaso guduma da wayar shinge. Sai da na ji ya fara buga ƙusa na kwance mayafina, duk ya yi warin rago.

Ba wanda ya sake maganar kwashe kaya. Washegari na tarar da ƙaton kwaɗo a ƙofar lambun. Matar ta miƙa wa auta makullin tana nuna ni da yatsa, wai kar a ba ni, ni kuma ta ƙara mini ƙwai a faranti.