Ranar Da Mama Rifkatu Ta Yarda Ta Ce Wayyo

A duk shekarun da na yi ina aikin jinya, ranar da Mama Rifkatu ta yi kuka a ɗakin mata ba ta taɓa fita raina ba. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan, ina so ku ji yadda aka yi.

Lokacin ina wani asibiti a yankin Roni, ni ce in-caji, wato mai kula da ɗakin da ma'aikatansa. Da kaka aka kawo ta, gyaɗa ta cika gari. Tana suyar ƙuli-ƙuli kaskon mai ya kife mata a ƙafar hagu, ya ƙone ta daga ƙwauri har idon sawu. Dattijuwa ce Kirista daga wani ƙauye ta wajen Gwiwa, ita ce kuma shugabar zumuntar mata a cocinsu.

Kun san wankin ƙuna. Kullum da safe a jiƙa bandejin jiya, a ɗaye shi, a cire matacciyar fata, a shafa magani, a sake naɗewa. Ko da an yi allurar rage zafi, ƙarti ma ihu suke yi. Ita ko uffan. In na ce, "Mama, yaya jiki?" sai ta ce, "Da godiya, 'yata. Ba komai."

Da farko yaba mata muke yi. Amma zazzaɓi ya ƙi sauka, an gwada jini ba a ga na cizon sauro ba, ciwon kuma a ido yana kyau. Wata safiya likita ya zo zagaye, ya bi ƙafar yana dannawa yana tambayarta, amsa ɗaya take ba shi. Ya ja ni gefe.

"Sista, kin ga yadda ta damƙe ƙarfen gado? Mugunya ta taru a wani wuri, ita kuma ta ƙi nuna mana. Ba mu da na'urar hoto a nan. In ba mu gano ba sai Kano, kuma ba zan ba da tabbacin ƙafar ba. Ki zauna da ita."

Na jawo kujera na yi ta lallashi. Can ta ce, "'Yata, duk gidan da aka yi rashi a ƙauyenmu ni ake kira, ni nake ce wa mata su jure don Ubangiji ya jure. Bara ɗana Dauda ya rasu a haɗarin babur, ban zubar da hawaye ko ɗigo ba. Yanzu don man gyaɗa sai in buɗe baki? Ina bangaskiyar tawa?"

Ni Musulma ce, ban san abin da zan ce mata a kan addininta ba. Na tambaye ta ko ta yarda in kira fastonsu, ta ce to. Da la'asar ya iso a kan babur, wani gajeren dattijo mai fara'a. Na yi masa bayani a baranda, ya shiga ya zauna kusa da kanta.

"Mama Rifkatu, wa ya gaya miki Yesu bai yi kuka ba?" ya ce. "A bakin kabarin amininsa ya zubar da hawaye, jama'a suna kallo. A kan gicciye da ƙishirwa ta kama shi faɗa ya yi, bai ce ba komai ba. Har murya ya ɗaga. Ko kin fi shi ne?"

"A'a, Baba Fasto. Ni wa?"

"To nuna wa sista inda ke miki ciwo. Ni da kike gani, ranar da aka cire mini haƙori a Kazaure, sai da masu shayi na bakin titi suka ji ni."

Ta fara dariya, dariyar ta juye kuka. Sunan Dauda ta yi ta kira. Wata Bafulatana da ke gadon kusa, Inna Hajjo, ta sauko da robar ƙarin ruwa a hannu ta dafa mata kafaɗa. Ba wanda ya ce ta yi shiru. Da ta lafa, ta kama hannuna ta kai shi bayan ƙwaurinta, ta danna can ciki, ta ce, "Wayyo. Nan ne, 'yata. Tun satin da ya wuce."

A yammacin likita ya tsaga wurin, mugunya ta fita. Kafin a jima zazzaɓin ya sauka.

Daga nan kuma muka shiga uku, irin ta daɗi. Mama Rifkatu ta zama mai kai ƙarar kowa. In likita ya shigo ita ce ta farko: "Likita, jiya bandejin ya matse. Kuma Inna Hajjo tana ce maka da sauƙi, alhali ko kunu ba ta iya sha." Inna Hajjo ta harare ta, ɗakin duk ya ɗauki dariya, likita ya koma ya sake duba Inna.

Ranar sallama matan zumunta suka zo da tulunan kiɗa da caki, duk sun ɗaura zane iri ɗaya. Metiron, shugabar ma'aikatan jinya, ta ce ban da cikin ɗaki, amma ta ba su gindin darbejiya. Suka yi ta waƙa, masu jinya suka leƙo ta taga suna tafi. Mama Rifkatu ta taka rawa da sanda a hammata, ƙafa biyu a ƙasa. Ta rungume ni ta ce wa matan, "Daga yau duk wadda aka yi wa rashi, zan je in zauna mu yi kukan tare, sannan mu yi addu'a."

Abin da na koya shi ne, mutanenmu, Musulmi da Kirista, suna jin kunyar a ga rauninsu, suna tsoron kada a ce imaninsu ya gaza. Saboda haka in majinyaci ya ce muku ba komai, kada ku rubuta ku wuce. Ku dubi hannunsa, ku jawo kujera. In abin ya fi ƙarfinku, ku nemo wanda yake jin maganarsa. Ba ma iya warkar da ciwon da ba a nuna mana ba.