Ranar da Na Kira 'Yata Mabaraciya

Laifina ne, ba na kowa ba. Gara in faɗa tun farko kafin wani ya fara nema mini uzuri.

Shekarun baya, muna haya a unguwar Glenwood a Amurka, 'yata ta fari ba ta wuce shekara bakwai ba. Ina aikin wankin motoci a wani wurin sayar da su a Gate City Boulevard. Ranar Halowin, wato ranar da yaran ƙasar ke yin shiga iri-iri suna bin gida-gida ana ba su alewa, na taso da yamma, na rage wa wani abokina hanya, ɗan garinmu Maraɗi. Muna shiga layinmu sai ya nuna da baki ya ce, "Waccan ba 'yarka ba ce?"

Ita ce. An ɗaura mata fukafukan takarda, tana riƙe da ɗan bokiti a ƙofar wani Bature, tare da jikokin tsohuwar maƙwabciyarmu. Abokina ya yi dariya ya ce, "To fa! An zo Amurka neman arziki, an ɓuge da bara."

Wasa yake yi, ni kuwa ban ɗauke shi wasa ba. Nan take na hango maganar a masallaci ranar Juma'a, na hango ta a Maraɗi, a kunnen mahaifiyata. Ko motar ban ajiye daidai ba. Na fizgo hannun yarinyar, na juye alewarta a kwandon shara, na daka mata tsawa: "Mu ba mabarata ba ne! Kada in sake ganin kin miƙa wa wani hannu!" Tsohuwar tana ta cewa ita ce ta roƙi matata a bar yarinyar ta bi su, ko kallonta ban yi ba.

Matata ta ce na wuce gona da iri. Don in kare kaina sai na ɗauki waya na shiga bincike. Na karanta cewa a Turai ta da, a irin wannan lokaci, talakawa kan bi gida-gida ana ba su gurasa, su kuma su yi wa mamatan gidan addu'a. Na miƙa mata wayar na ce, "Kin gani? Tun asali ma bara ake yi."

Ta ce, "Malam, ba kai ne kake ba ni labarin tashenka ba? Gemun auduga, gida-gida, har a ba ku gero?"

Na ce wannan daban ne. Ta ce, "Da me?" Sai na tuna ban yi alwala ba, na tashi.

Yarinyar ba ta sake tayar da maganar ba, amma ta canja. Malamarta ta gaya mana an raba kek a aji ta ƙi karɓa. Maƙwabciyarmu ta miƙa mata lemo ta kan shinge, ta ruga cikin gida. Ina gani, hankalina yana tashi, amma ina ce wa kaina kunya ce irin ta yara, za ta wuce.

Da ƙaramar Sallah muka je Summerfield gaida Alhaji, dattijon da ya sauke ni lokacin da na zo ƙasar nan. Yara suka jeru yana ba su goron Sallah. Da ya zo kanta sai ta mayar da hannuwanta baya.

Alhaji ya ce, "Karɓi mana, 'yar gidana."

Ta juyo ta dube ni, ta tambaya da Hausarta mai gargada: "Baba, in na karɓa, bara na yi?"

Alhaji ya sauke tabarau ya ce, "Wa ya gaya wa yarinyar nan haka?" Na sunkuyar da kai.

Har yau ba na barin yarana su yi shigar fatalwa, kuma ina da dalilina na addini. Amma abin da na yi ran nan ba don Allah na yi shi ba, bakin mutane na ji tsoro. Wata da watanni ƙaramar yarinya tana fargabar kowane hannu da aka miƙo mata da alheri, ni ne kuma na dasa mata.

A hanyarmu ta komawa na tsayar da mota a gefen titi, na buɗe ƙofar baya, na durƙusa daidai fuskarta. Na ce, "Mamana, ba bara kika yi ba, ran nan ma ba bara kika yi ba. Ana son ki ne ake ba ki. Ni ne na ji tsoron a yi mini dariya, na huce a kanki. Ban kyauta miki ba. Ki yafe mini."