Kwabban da Kaka ta goge

Har yau in na ji ƙamshin lemun tsami ya haɗu da toka, sai na ganni a tsakar gidanmu na Ƙofar Kware, kewa ta rufe ni.

Kakana tela ne, Malam muke ce masa. Yana da gwangwanin tsofaffin kuɗi da ya gada wajen mahaifinsa: anini, ɗari, sisi, da kwabbai masu huji a tsakiya. Kowanne ya ɗinka masa 'yar jaka da ragowar ƙyalle, don kada su gogi juna. Da damina ta kama sai ya ɗauke gwangwanin daga ƙasa ya ɗora kan katakon saman ƙofa, saboda laima. Ni kuwa sai na wanke hannu, na shanya shi kamar mai zuwa gaban alƙali, kafin ya bari in taɓa.

"Kama shi ta gefe, abokina," in ji shi. "Kak ka aza yatsa bisa huska tai."

Duk sun yi baƙi, kuma baƙin nan shi ne abin sonsa. Ya ce hannun mutanen da ne, har da na babansa.

Shekarar da ya tafi Makka, ana gobe zai dawo, Kaka, matarsa, ta tashi gyaran gida. Ita fa ba ta iya ganin ƙarfe ya dushe ta ƙyale shi. Ta goge tasoshi, ta goge buta, sannan ta sauko da gwangwanin. Ta zazzage su cikin ƙwarya, ta matsa lemu, ta bi su da toka ɗaya bayan ɗaya har yatsunta suka yi ja.

Da ya dawo, masu barka da zuwa suka watse, ta kawo masa su a faifai, suna walƙiya, fuskarta cike da murna. Malam ya ɗauki kwabo ta gefe, ya daɗe yana dubansa.

"Sun yi kyau ko, Alhaji?"

"Kin wahala," ya ce. "Allah shi yi miki albarka."

Bai taɓa faɗa mata ɓarnar da ta yi ba. Ya mai da kowanne jakarsa, ya ci gaba da ɗora su sama duk damina.

Yanzu dukansu sun rasu, gwangwanin yana wajena. Bara na nuna wa wani mai sayen tsofaffin kuɗi, ya sa gilashi ya duba, ya girgiza kai. Ya ce an kashe su da guga, duk ƙarzuwa ce, wa ya yi wannan aika-aika?

Gaskiya ya faɗa, kuma in kana da irinsu kada ka goge. Amma na karɓe abina. Hannun mutanen da can ya tafi a ƙwaryar nan, wanda ya rage a jikinsu na Kaka ne. Ta gefe nake kama su, kada in shafe shi.