Dokar Teburin Doña Eulalia

Shekara talatin Doña Eulalia tana saukar da ɗalibai a gidanta da ke garin Xela, Turawa da Koriyawa masu zuwa Guatemala koyon Sifananci. Dokarta ɗaya ce: a teburinta ba a yin wani yare sai Sifananci. Wanda ya yi Turanci sai ta mayar da shi bango, ko gishiri ya roƙa ba zai samu ba. Da haka ta buɗe bakin mutane da yawa, tana kuwa alfahari da abin har ya yi yawa.

Ɗanta tilo, Efraín, ya tafi Amurka yana saurayi. Ya yi aike shekara uku, daga nan shiru. Kullum tana yi masa uzuri, wai rashin takardu ne.

Ran nan makarantar koyon Sifananci ta turo mata wata ɗaliba, Brenda. Tun daga ƙofa Doña Eulalia ta ga goshin Efraín a fuskar yarinyar. 'Yarsa ce, amma ko gaisuwa da Sifananci ba ta iya ba.

Malamar makarantar da ta rako Brenda ta ce, "Doña, bari in yi muku tafinta mana, ki ji labarin ɗanki yau."

"Tafinta tsakanina da jinina? Allah ya kiyaye. Da bakinta za ta faɗa min."

Haka ta sa yarinyar a gaba. Kasuwa tare, coci tare, gyaran wake tare. Idan wainar masara ta ƙone a hannun Brenda sai tsohuwa ta ce, "Ke dai hannun nan ado ne! Ubanki bai koya miki komai ba?" Brenda ta sunkuyar da kai. Tsohuwa na ƙirga makonni, cike da ɗoki.

A wata na huɗu, suna karin kumallo, Brenda ta ajiye kofi.

"Kaka, yanzu zan iya."

"To, ina jin ki."

"Baba lafiyarsa ƙalau. Yana da takardu tun kafin a haife ni. Shi ya hana yaren nan a gidanmu. Ya ce mana kin mutu da daɗewa. A bayan wani tsohon hoto na ga adireshinki."

Doña Eulalia ta nemi inda yarinyar ta yi kuskure, ko ta samu abin kamawa. Babu. Kowace kalma ta fito daidai, da irin lafazinta, domin ita ta koya mata su ɗaya bayan ɗaya.