Ɗigon Jan Farce a Jikin Amfilifaya

Mai Wufa ake ce masa, kuma in ka nemi sunansa na yanka a layin masu gyaran mota, sai a yi ta kallon juna. Da gyaran rediyo ya fara a rumfar mahaifinsa. Da rediyo ta daina ciyar da gida sai ya koma motoci, har furfura ta leƙo masa yana ɗaura wufa, wato ƙatuwar lasifikar nan ta cikin but ɗin mota mai gurnani har hanjin mutum. Ya haɗa ta da amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ya jawo waya mai kauri daga batir, sannan ya tsuguna saiti.

Saitin nan shi ne aikin. Sai ya sa wata waƙa da ya sani kamar yunwar cikinsa, ya ɗora tafin hannu a jikin mota, yana murɗa ɗan maɓallin ƙarfi na jikin amfilifaya da sukudireba sannu-sannu. Da ya ji dukan ya fara tsagewa, sai ya dawo baya kaɗan. Nan ce iyaka. Sai ya zaro kwalbar jan farce, ya ɗiga a gindin maɓallin, ya ce wa mai mota, "Ka ga ɗigon nan? Ranar da ya fashe, ni da kai ba mu taɓa haɗuwa ba."

Jan farcen na matarsa ne, ja mai duhu. Ta ɓoye ta ɓoye har ta gaji ta bar masa.

Gaskiya kunnensa na hagu ya fara nauyi, shekaru yana shan gurnani. Bai taɓa ɓoyewa ba, shi ya sa yake karkata kai in ana magana.

To, sai Auta, ƙanin matarsa, ya yi mota. Mai Wufa ya wuni a kanta, ya saita, ya ɗiga. Ba a jima ba wufar ta ƙone ƙurmus. Ku ji fa! Maimakon Auta ya dawo wurin mijin yayarsa, sai ya bi layi shago-shago yana cewa tsohon ya kurmance, ba ya jin tsagewa, shi ya ƙona masa kaya. Mutumin da aka goya a gidan nan! Mutumin da har yau in ya zo sai ya buɗe tukunya kafin ya yi gaisuwa! Magana kuwa ta kama. Motoci suka riƙa rage gudu a ƙofar Mai Wufa, su wuce shagon gaba.

Mai Wufa ya aika a kira Auta. Ya zo da rana tsaka, da abokansa, ya wangale but. Ƙaurin waya ya bugi kowa.

"Duba da kanka, Yaya. Ga ɗigonka nan lafiya lau. Ko idon ma ya bi kunnen?"

Mai Wufa ya sunkuya. Ɗigo na nan, ja, bai fashe ba. Ya matso da fuska ya sake dubawa. In ba a taɓa maɓallin ba, to shi ya wuce iyaka bai ji ba, kuma sai dai ya rufe shago. Ya kai hannu kunnensa na hagu.

Ana cikin haka matarsa ta iso da kwanon abincin rana. Ta ga taro, ta ga fuskar mijinta, ta tura kai cikin but.

"Baban yara, yaushe ka fara satar jan farcen wata?"

"Wace wata kuma? Naki ne."

"Nawa? Mai ƙyalƙyali? Allah ya kiyaye, ni yarinya ce?" Ta juyo a hankali. "Auta, wannan na amaryarka ne. Ni na raka ta ta saya."

Ta sa farce ta kankare. Ƙyalƙyalin ya ɓare, ga nata ja mai duhu a ƙasa, a tsage biyu, maɓallin an murɗe shi har ƙarshe.

"Yaya, ai kaɗan na ƙara, don abokai su ji..."

"Rufe min baki, marar kunya! Ka murɗa, ka ƙona, ka shafa kwalliya a kai, sannan ka ce mijina kurma ne? Wuce gaba. Duk shagon da ka shiga ka faɗa, yau za ka shiga ka janye, ina bayanka."

Haka ta kora shi layi, abokan suka sulale ɗaya-ɗaya.

Mai Wufa ya zauna a kan tsohuwar taya. Can wata mota ta rage gudu, ta tsaya. Ya miƙe, ya laluba aljihu ya ji kwalbar na nan, ya karkata kai ya ce, "Buɗe but mu ji."